SHARHI: Ƙunar Allon Talabijin, Sankarar Da Ke Cin Jarin Masu Gidajen Kallo A Agege

LEGAS – Wanda ya saba ratsa lungunan Zangon Agege, ko Idi-Araba, ko Alaba Rago, ba zai rasa tuna wani ƙaton akwatin talabijin mai tsayin kabad ba, wanda sai ƙarti uku ko huɗu ke iya ɗaga shi. Har yanzu akan ci karo da gawarsa jefi-jefi a ƙuryar shago ko a bayan rumfar mai gyara, an mai da shi wurin ɗora tabarmi da kwanuka. Shi ne talabijin mai majigi a ciki, watau wanda ke jefa hoto a kan allonsa daga baya. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2010 babu abin da mai gidan kallon ƙwallo ke tinƙaho da shi kamarsa. Idan aka dace da wanda bai mutu ba aka kunna, abin da ido zai fara kamawa shi ne inuwar tambarin wata tasha a kusurwar sama, da layuka biyu a tsaye, ɗaya a dama ɗaya a hagu, waɗanda ba sa gushewa ko da an sauya tasha sau ɗari. Wannan ita ce ƙunar allo.

Ana iya cewa tsohon zance ne, tun da an daina ƙera irin wannan akwati. To, amma kuskuren da ya jawo asarar bai tsufa ba. Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar Naira, har dala ɗaya ta haura Naira 1,500 a kasuwar hukuma cikin 2024, sabon kayan lantarki ya yi wa ƙananan 'yan kasuwa nisa, da yawansu suka koma wa kayan tokumbo. Cikin kayan da ke shigowa kuwa akwai allunan filasma da na OLED, masu ɗauke da ciwo iri ɗaya da na wancan tsohon akwati. Mai sayen talabijin don sana'a lissafin awoyi ya kamata ya yi, amma har gobe lissafin inci ake yi, kamar yadda aka yi shekara ashirin da suka wuce.

Ba da gangan masu gidajen kallo suka faɗa wa wannan akwati ba, lalura ce ta kai su. Dokar soja mai lamba 38 ta shekarar 1992 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Watsa Labarai ta Ƙasa, ta kuma buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar mallakar tashoshi, har Channels ta soma watsa shirye-shirye a 1995, AIT ta biyo baya a 1996. A 1995 ɗin ne kamfanin MultiChoice ya fito da DStv, wadda tashoshinta na SuperSport suka kawo gasar Firimiya ta Ingila, mai wasanni 380 a kowace kaka, har cikin unguwannin talakawa. Kuɗin dikoda da na wata-wata sun fi ƙarfin leburan mayankar Oko-Oba da 'yan dako da masu gadi da 'yan acaba, saboda haka mai ɗan jari ya kafa rumfar kwano, ya jera benci, ya sayi janareta, ya tsaya a ƙofa yana karɓar kuɗin shiga. Rumfar da za ta ɗauki mutum ɗari tana bukatar hoton da na bencin ƙarshe zai gani. Talabijin mai doro da wuya ya wuce inci 36 zuwa 40, filasma kuwa a lokacin sai attajiri. Hanya ɗaya da ta rage ta samun inci 50 ko 60 da kuɗin da ba su wuce hankali ba ita ce mai majigi, musamman na hannu daga kasuwar Alaba da ke Ojo. Ya ƙara araha sa'ad da Amurka ta rufe tsohon tsarin watsa talabijin a watan Yunin 2009, Ingila ta kammala nata sauyin a 2012, magidanta a can suka yi ta fitar da tsofaffin akwatuna, kwantena-kwantena suna sauka a Apapa da Tin Can.

Kafin a gane inda asarar take, tilas a leƙa cikin akwatin. Allon da ake gani a gaba ba shi ne ke haifar da hoto ba, faifan roba ne kawai mai tattara haske yana watsa shi ga masu kallo. Can ƙasa, a cikin gindin akwatin, akwai ƙananan kwalabe uku na haske, galibi inci 7 kowace, ɗaya ja, ɗaya kore, ɗaya shuɗiya. Kowace tana zana nata hoton, gilasan ƙara girma su ɗauka su jefa a kan wani babban madubi da ke karkace a baya, madubin ya turo hotunan uku su haɗu a kan allo su zama ɗaya. A fuskar kowace kwalba daga ciki an shafe wata hoda da ake kira fosfo, wadda ke yin haske idan ƙwayoyin lantarki suka buge ta. Wannan hoda ba ta dawwama. Duk bugun da ta sha yana rage mata ƙarfi kaɗan, abin da ya tafi kuwa ba ya dawowa.

Talabijin mai doro ma da hodar yake aiki, amma shi yakan shekara goma ko fiye ba a ga tabo ba, domin hodarsa tana shimfiɗe a kan dukan faɗin gilashin da ake kallo. A mai majigi kuwa, hasken da fuskar inci 7 ta fitar shi za a raba wa allon inci 57, watau filin da ya ninka ta fiye da sau 60. Don haka dole a tsananta wa hodar wuta ƙwarai da gaske, har zafin ya kai sai an zuba wani ruwan sanyaya tsakanin kwalba da gilashi don kada ta fashe. Idan hoto yana motsi yana sauyawa, gajiyar takan bazu ko'ina daidai wa daida, akwatin ya dushe a hankali ba tare da an lura ba. Idan kuwa wani abu mai haske ya tsaya wuri ɗaya awa bayan awa, hodar wurin takan riga maƙwabtanta gajiya, siffar abin ta zauna daram. Galibi kwalba shuɗiya ce ke fara sarewa, shi ya sa tabon kan fito rawaya-rawaya ko ƙasa-ƙasa, kamar sawun dutsen guga a kan farar riga.

Inda abin ya fi muni shi ne a akwatuna masu faɗin allo, waɗanda ma'auninsu yake 16 a kwance, 9 a tsaye. Injiniyan Amurka Kerns Powers ne ya ba da shawarar wannan ma'auni a shekarun 1980 domin talabijin mai tsantsar hoto da ake shirin fitarwa, kuma a can ƙasashen akwatin ya zo tare da faifan DVD da tashoshin da ke cika shi. A Nijeriya akwatin ya riga hotonsa isowa. NTA da AIT da Channels, da tashoshin tauraron ɗan'adam a yawancin waɗannan shekaru, da finafinan Kano da na Legas da ake sayarwa a kaset da faifan VCD, dukansu a tsohon ma'auni na 4 da 3 suke. Nijeriya ta ma kasa cika wa'adin Yunin 2015 na komawa sabon tsarin watsawa, sai a 2016 aka yi gwajin farko a Jos, Legas kuwa sai a 2021.

Hoton 4 da 3 kashi 75 cikin ɗari kawai yake ci na faɗin allon 16 da 9. Sauran kashi 25 ya zama baƙaƙen shafi biyu a gefe. Wanda ya biya kuɗin inci 57, hoton da yake kallo bai kai inci 47 cikakke ba. Wannan asarar farko ke nan, ta ranar saye. Ta biyu tana tafe a ɓoye: tsakiyar kwalabe tana aiki dare da rana, gefunan suna hutawa. Bayan watanni, ran da aka saka fim mai cika allo, sai a ga tsakiya ta dushe, gefe biyu suna walƙiya kamar sababbi, da layi tsararre a tsakaninsu. Mai gidan kallo yana da zaɓi uku a kan rimot, babu na kirki a ciki. Ya bar baƙaƙen shafin, allo ya ƙone. Ya miƙe hoton ya cika faɗi, 'yan wasa su ƙara ƙiba da kashi ɗaya cikin uku, ƙwallo ta koma kamar ƙwai. Ko ya zuƙo hoton, ya yanke rubu'in tsayinsa sama da ƙasa, lissafin ƙwallaye da agogon wasa su ɓace, 'yan kallo su tashi da hayaniya. Masu wayo sun zaɓi miƙewa, ido kuwa ya saba, har wasu suka girma suna zaton haka Turawa suke da faɗi.

Miƙewar ta kawar da layukan gefe, amma ba ta taɓa tambari ba. Tashar wasanni tana da tambarinta a kusurwa ɗaya, akwatin maki da agogo a ɗaya kusurwar, farare tas, ba sa motsi daga busar farko zuwa ta ƙarshe. Tashoshin labarai, tun bayan harin 11 ga Satumbar 2001, sun mai da layin rubutun da ke gudu a ƙasan allo abin dindindin. Magidancin da aka ƙera wa akwatin a Amurka ko Japan, a ce yana kallon awa 4 a rana, yana sauya tasha, a falo mai labule: awa 1,460 ke nan a shekara. Gidan kallon da ke buɗewa da hantsi da finafinai, ya shiga wasanni da rana, ya rufe bayan na Sifen da tsakar dare, awa 12 yake ci, watau 4,380 a shekara. Aikin shekara uku cikin shekara guda, kuma kusan duka a kan tasha ɗaya ko biyu. Daɗin daɗawa, rumfar kwano da rana ba ta da duhun falo, sai a murɗe ma'aunin ƙarfin haske har ƙarshe don na baya ya gani, alhali wannan ma'aunin shi ne ke ƙayyade yawan wutar da hodar ke sha. Kada a manta kuma, akwatin tokumbo ya riga ya yi shekarunsa a gidan wani kafin ya hau jirgin ruwa.

Kamfanonin da suka ƙera akwatunan, irin su Sony da Hitachi da Toshiba da Mitsubishi da Pioneer, sun san da ciwon sarai. Littattafan da suke haɗowa da kaya suna gargaɗi game da barin hoto a tsaye da kuma yawan kallon tsohon ma'auni. Da yawa sun mai da shafin gefe launin toka maimakon baƙi, domin gefunan su riƙa gajiya tare da tsakiya, ko da yake masu kallo sun tsani tokar, sukan nemi a mayar musu da baƙin. Kamfanin Nintendo na wasannin yara tun farkon shekarun 1990 yake rubuta wa masu sayen na'urorinsa kada su haɗa su da talabijin mai majigi. Garanti kuma, a al'adar wannan masana'anta, ba ya ɗaukar ƙunar allo, domin ana lissafa ta a sakacin mai amfani, haka nan ba ya ɗaukar akwatin gida da aka sa a aikin kasuwanci. To, akwatin da ya iso Alaba ba littafi, ba kwali, wani lokaci ba ko rimot, wa zai isar da wannan gargaɗi? Wanda ya zo daga Amurka ma sai an nemo masa taransifoma mai rage wuta daga 230 zuwa 120, da na'urar juya launi daga tsarin PAL na nan zuwa NTSC na can, hankalin mai saye duk yana kan waɗannan. Sa'ad da tabo ya bayyana, sai a ɗora wa NEPA, wadda ta saba ɗaukar laifin kowa. Ɗauke wuta da dawo da ita da ƙarfi suna kashe akwati, wannan gaskiya ne, amma ba sa zana tambarin tasha a kansa.

Rashin sanin inda ciwon yake ya jawo asara ta uku, a wurin gyara. Akwai mai akwatin da ya biya aka sauya masa allon gaba, aka kunna, tabo na nan inda yake, domin ƙunar tana can ƙasa a fuskar kwalabe. Maganinta ɗaya ne, a sauya kwalba. Idan aka sauya ɗaya, sabuwar ta fi tsofaffin biyu haske, launi ya karkata. Idan aka sauya ukun, ga kuɗin kaya, ga ladan wanda zai zauna ya daidaita hotunan uku su hau kan juna, jimillar ta kusa kuɗin wani akwatin. A ɗaya gefen kuma an yar da akwatuna masu yawa da ba su ƙone ba. Hoton da ya yi hazo gaba ɗaya sau da yawa ƙurar hunturu ce ko furfurar damshin Legas a kan madubi da gilasai, ko kuwa ruwan sanyayan ne ya gurɓace, duka kuma ana wankewa ko a sauya. Hoton da ya rabu uku, ja a gefe shuɗi a gefe, galibi wasu 'yan ƙananan na'urori ne da masu gyara suka sani da STK suka mutu, kuɗinsu kaɗan ne. Mai gyaran da ya iya bambance waɗannan cututtuka uku ya ceci jarin mutane, amma irinsa ba su da yawa. Ƙarshen akwatin, mai ƙuna da marar ƙuna, hannun 'yan jari-bola ne, waɗanda da yawansu samarin Arewa ne, suna fasa kwalabe masu gilashin dalma da guduma, ruwan sanyaya mai guba yana zuba a hannuwansu, don 'yar tagullar da ke ciki. Ƙungiyar Basel Action Network ta Amurka, a rahotonta na 2005, ta ƙiyasta kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan lantarki ke shiga Legas kowane wata, kuma kaso mai yawa daga ciki ba ya moruwa. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin hana shigo da matattun kaya a 2011. Sai dai akwati mai ƙuna ba matacce ba ne a idon mai duba kaya a tashar jirgin ruwa: yana kamawa, yana nuna hoto, sai ya wuce.

Abin mamaki shi ne a ce wannan ya faru a Agege. Cinikin goro na cikin manyan abubuwan da suka zaunar da Hausawa a wannan gari, tun bayan da layin dogo ya ratsa shi zuwa Ibadan a 1901, ya kuma haɗe da Kano a 1912. Babu fatakin goron da zai biya kuɗin huhu bai sa an kwance ganye an tona har ciki ba, domin ya san sankara ba ta zama a saman kaya. Babu mahaucin Oko-Oba da zai sayi sa bai buɗe bakinsa ya ga haƙora ba. Amma jikokin waɗannan mutane sukan je Alaba, a kunna musu zanen yara mai launuka masu tsalle-tsalle na minti biyu, cikin hayaniya da ƙugin janareta, su ƙirga kuɗi su ɗora kaya a mota. Hoto mai launi da motsi shi ne ganyen da ke rufe sankarar allo, dillalin da ya daɗe a sana'ar kuwa ya san haka. An ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayi wannan akwati bai san rariya ya saya ba, mai sayarwa ne ya sani. A nan laifin dillali ya fi na mai saye nauyi. Ƙa'idar da malaman fiƙihu ke karantarwa a zaurukan Zango game da aibin da aka ɓoye a ciniki a bayyane take, mai saye yana da ikon mayar da kaya. Dokar ƙasa ma haka ta nufa: Dokar Gasa da Kare Masu Sayen Kaya, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 ta maye gurbin dokar soja mai lamba 66 ta 1992, ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana cewa kaya na hannu ne ko gyararre, ta kuma ba mai saye damar duba abin da zai saya. Amma hukumar da ke Abuja ba za ta bi kowane akwati zuwa rumfar kwano ba, mai gidan kallo kuwa ba shi da lokacin shari'a a tsakiyar kaka.

Su kansu masu ƙerawa sun daɗe da barin wannan fage. Akwatunan majigi na baya-baya sun bar kwalabe sun koma ga fitila ɗaya da wata 'yar na'ura mai dubban ɗaruruwan ƙananan madubai, wadda Larry Hornbeck ya ƙirƙiro a kamfanin Texas Instruments a 1987. Waɗannan ba sa ƙuna, sai dai fitilarsu tana da tsada, tana kuma bukatar fanka ta ci gaba da hura ta bayan an kashe, abin da wutar Legas ba ta yarda da shi. Sony ya sanar da daina ƙera masu majigi a ƙarshen 2007, Mitsubishi, wanda ya rage shi kaɗai, ya rufe a ƙarshen 2012. Filasma, wadda ita ma da hodar fosfo take aiki kuma take ƙuna, Panasonic da Samsung da LG duk sun bar ta a 2014. Ma'ana, duk filasmar da aka gani a kasuwa yau ta haura shekara goma, komai ƙyallin jikinta.

Magajin ciwon a yau shi ne OLED, wanda LG ya fito da na inci 55 a 2013. Babu allon da ya kai shi kyan hoto, kowane ɗigo a jikinsa shi ke kunna kansa, don haka kowane ɗigo shi ke gajiya da kansa. Kamfanin gwajin kaya na Rtings da ke Kanada ya jera akwatuna shida na LG ƙirar 2017 a farkon 2018, yana kunna su awa 20 a rana. Waɗanda aka bari a kan tashar CNN sun fito da inuwar tambari da ta layin labarai ƙarara, alhali wanda ke nuna shirye-shirye masu sauyawa bai nuna wani abin damuwa ba. Sababbin ƙira sun fi waɗancan juriya, kuma magidancin da ke kallon abubuwa iri-iri ba shi da dalilin fargaba. Gidan kallo kuwa ya fi kama da ɗakin gwajin fiye da falon magidanci. Akwai kuma wani abu da ya shafi Legas musamman. Akwatin OLED yana da aikin gyaran kansa: bayan ya tara kamar awa 4 na aiki, idan aka kashe shi da rimot aka bar shi a jone da wuta, yakan ɗauki 'yan mintoci yana auna ɗigoginsa yana daidaita su. A gidan kallo ba a kashe talabijin da rimot. Alƙalin wasa na hura usur na ƙarshe ake kashe janareta, domin tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowane minti kuɗi ne. Akwatin da aka saba yanke wa wuta haka yana iya yin makonni bai sami damar wannan gyara ba, ya tsufa kafin lokacinsa. Minti goma na fetur a nan ya fi arha a kan allo.

Shawara ga mai gidan kallo, da mai otal, da mai shagon aski, da ɗan canjin da ke kafa allon farashi, da duk mai barin hoto ɗaya yini guda, ita ce ya tsaya a kan allon LCD mai fitilun LED a baya. Shi ma yana da nasa cututtuka, fitilun kan mutu, haske kan yi dabbare-dabbare, amma waɗannan masu gyara na Agege da Ikeja suna iya musu, kuma ya fi filasma sauƙin shan wuta nesa ba kusa ba. A lura da harafi ɗaya: QLED dangin LCD ne, OLED kuwa shi ne mai ƙuna, yaran shago da yawa ba sa bambancewa. Mai ƙarfin jari ya tambayi allunan da aka ƙera don kasuwanci, waɗanda ake rubuta musu awa 16 ko 24 a rana, garantinsu kuma ya san da irin wannan aiki. Sa'an nan a riƙa raba kuɗin akwati da watannin da zai yi. A ƙaddara, alal misali, na hannu a Naira 400,000 wanda 'yan kallo za su fara ƙorafi a kansa bayan wata 18, da sabo a Naira 600,000 wanda zai kai shekara biyar. Na farko yana cin fiye da Naira 22,000 kowane wata, na biyu Naira 10,000. Yawancin masu gidajen kallo suna rubuta kuɗin fetur da na dikoda da na haya da na yaron ƙofa, amma ba sa ware ko sisi don ranar da allo zai gaji, sai ranar ta zo a shiga neman bashi ana saura mako guda a fara kaka.

Wanda kuma babu makawa sai ya sayi na hannu, gwajin ba ya wuce rubu'in awa. Ya tafi da filasha mai hotuna biyar waɗanda babu komai a cikinsu sai launi ɗaya tal: fari, toka, ja, kore, shuɗi. Ya sa a shigar da akwatin inuwa, a bar shi ya ɗan yi zafi, a nuna kowane launi ya cika allo, ya ja da baya ya duba kusurwoyi huɗu da ƙasan allo da gefe biyu. Toka da ja su ne suka fi tona asiri. Filasma da OLED suna ajiye lissafin awoyin da suka yi aiki, mai gyaran da ya san hanya zai iya fito da shi, ko da yake akan goge shi, saboda haka launukan sun fi lissafin gaskiya. Dillalin da ya ƙi a yi wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

Sauran aikin na ƙungiyoyi ne. Masu gidajen kallo na Agege da Mile 12 da Idi-Araba ba ƙananan masu saye ba ne idan suka haɗa kai, kuma Hausawan Legas suna da sarakuna da shugabannin kasuwa waɗanda suka saba sasanta rikicin goro da na shanu da na tumatir. Abin da ya kamata su nema daga dillalan da suke hulɗa da su a Alaba bai fi abu biyu ba: a rubuta a rasit cewa an gwada allon da launuka biyar a gaban mai saye, a kuma ba da kwana bakwai na mayar da kaya idan inuwa ta bayyana. Dillalin da ya amince, a riƙa tura masa 'yan ƙungiya, sunansa kuma a sanar da shi a taron wata-wata.